Ranar da Muka Kusa Shanye Gonar Wani Tsoho

Shekarun baya masu yawa, tun kaina bai san furfura ba, gwamnati ta tura ni Filinge koyarwa. Ni mutumin gabas ne, ban taɓa taka ƙasar Kurfai ba sai ranar da mota ta sauke ni a tasha da akwatina. A lokacin 'yancin kai bai tsufa ba. Turawa sun tafi sun bar mana abubuwa biyu da muka riƙe hannu bibbiyu, wandon kaki da hutun Alhamis, don a zamanin ba a buɗe lakwal, wato makarantar boko, ranar Alhamis.

Mu huɗu ne malamai matasa a gida ɗaya, kowa da kekensa. Akwai babbanmu, mutum mara magana wanda ya iya gyaran keke kamar a garejin aka haife shi. Akwai sarkin surutunmu, wanda ko a makabarta sai ya sami abin faɗa. Akwai abokina, ɗan ƙasar, haifaffen wani ƙauyen Kurfai. Sai ni. Duk Alhamis da sassafe mukan cika gorunanmu da ruwa mu bar babbar hanya ga manyan motoci, mu bi sawun jakai da na shanu mu ga inda zai kai mu. Ba aikin taimako muke fita ba, ba bincike ba. Yawo ne kawai na samarin da ke da albashi da ƙarfin ƙafa.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce wadda fari ya kai maƙura. Damina ta yi ƙarya a jere, Fulani da Buzaye sun zubo bakin gari ba ko akuya a bayansu. Mu dai ba mu kwana da yunwa ba, ba zan yi muku ƙaryar wannan ba. Amma da bazara ta shigo, abokina ya kafa mana doka kafin mu fita. Ya ce, "In mun iske gari, a gaisa daga bisa keke, ƙahwa guda a ƙasa. Kada wanda ya jingine kekenai, kada wanda ya zamna tabarma."

Na tambaye shi dalili. Ya ce a ƙauyukansu, musamman gidajen Azna masu bin addinin kakanni, baƙon da ya zauna a tabarma ba ya tashi da ciki wofi. In ya tashi haka, an ci mutuncin gidan, na raye da na kwance. A shekarar ƙoshi wannan ba komai ba ne, fura ce a dama a ba ka. Amma bana abin da ya rage a yawancin rumbuna iri ne, wato hatsin da aka ware don shuka in ruwa ya sauka. Ya ce, "Mutanena na san su. Su daka maka iri ka sha, su yi maka rakiya suna dariya, su komo su zamna ba abin shibkawa." Muka ce mun ji, muka hau.

Ran nan kudu muka nufa, ta cikin kwarin da garin ke zaune a bakinsa. Ko a cikin fari wurin yana da kyan gani, irin kyan da ba ya sa mutum murna. Duwatsu ja sun yi katanga ta gefe guda, goruba tsaye jefi-jefi, itatuwan gawo kuma duk an sassare musu rassa an ba dabbobin da ba su rayu ba. Inda ƙasa ke da tauri mukan yi tsere, inda rairayi ya yi yawa mu sauka mu tura. Ba ka jin komai sai kukan kurciya da ƙarar sarƙar keken sarkin surutu, wadda ba ta taɓa ganin mai ba. Mun wuce mata da ƙore suna tsinkar anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin su ciwu. Mun wuce ƙauyen da kusan duk ƙofofinsa an toshe da ƙaya, masu su sun yi kudu. Inda muka tarar da mutane, muka gaisa ƙafa ɗaya a ƙasa kamar yadda aka ce, muka wuce.

Da hantsi ya yi, ni da na fi kowa iyayi na ga 'yar hanya ta ratsa ƙarƙashin wata aduwa, na ce bari in yanke in riga su. Na riga su kuwa, amma da tayar baya a kwance. Babbanmu ya duba ya ce ƙaya ba ɗaya ba ce, kuma ba zai gane hujin ba sai an tsoma robar ciki a ruwa. Ruwan gorunanmu bai kai ya cika ko ludayi biyu ba. Can gaba kaɗan akwai 'yan bukkoki da rumbu guda a tsaye. Abokina ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce mu je, amma shi kaɗai zai yi magana, ruwa za mu roƙa daga waje mu koma gindin itace.

Ashe an riga an gan mu. Kafin mu ƙarasa, wani tsoho dogo, siriri, da warki a ƙugunsa, ya fito da tabarma a hammata. Bai tambayi ko su wa ne mu ba. Ya shimfiɗa ta a inuwar rumbu ya ce, "Maraba da baƙi. Ku zamna, ɗiyana, rana ta yi." Abokina ya fara cewa, "Baba, wucewa muka yi, ruwa ɗai..." Tsohon ya karɓi kekena daga hannuna da kansa ya jingine shi a jikin danga. Daga nan ba sauran magana, mutum ba ya tsayawa a kan dattijo yana masa gardama. Muka zauna.

Matarsa, tsohuwa 'yar ƙarama, ta kawo ruwa a ƙwarya ta durƙusa ta ajiye. Ni na fara ɗauka, na kafa kai ban cire ba sai da na ji cikina ya yi ƙara. Sauran suka sha, babbanmu ya roƙi wata tsohuwar tasa aka zuba masa kaɗan, ya kwance taya ya shiga aiki. Tsohon da matarsa ne kaɗai suka rage a gidan, kuma gidansu ne kaɗai mai rai a wurin.

Muna gaisawa sai tsohon ya tashi, ya kafa wani ice mai baki biyu a jikin rumbu, ya hau, ya ɗaga murfin ciyawa ya zura rabin jikinsa ciki. Ya fito da zangarniyoyin hatsi, dogaye, cikakku, an ɗaure su da kaba a tsanake. Ba su da yawa, hannu ɗaya ya riƙe su. Ya miƙa wa matarsa ya ce, "Yi wa baƙi hura." Ta karɓa da hannu biyu. Ta dube mu sau ɗaya, ba harara ba, ba roƙo ba, ta juya ta nufi turmi.

Abokina ya sunkuyar da kai ya yi mana magana da Faransanci don kada tsohon ya ji. Ya ce wannan iri ne, ba a zaɓen zangarniya irin wannan don ci, kuma daga yadda tsohon ya zura jiki har ƙugu, abin da ya rage a rumbun bai taka kara ya karya ba. Ya ce muddin sussuka take yi, wato raba ƙwaya da zangarniya, ko shiƙa, ƙwayar tana da rai, ana iya shuka ta. Amma da zarar ta yayyafa ruwa ta fara surfe, shi ke nan, gona ta zama fura. Ya dubi babbanmu ya ce, "Kafin ta kai ga surfe mu bar gidan nan."

Sarkin surutu ne ya ga ya samo dabara. Ya gyara murya ya ce, "Baba, kada Inna ta wahala. Ai yau Alhamis, azumi muke yi." Ya faɗi wannan ne ruwan da na sha bai bushe a gaban rigata ba, ƙwaryar kuma tana gabansa ba ko ɗigo. Tsohon ya dubi ƙwarya, ya dube ni, ya dube shi. Ya ce, "Ni ba ni salla, amma na zamna da maƙwabta masu yi. Wanga azumi da aka sha mashi ruwa, sabo na anka kawo daga Yamai?" Muka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Abokina ya ajiye kewaye-kewaye. Ya matsa kusa, ya rage murya ya ce, "Baba, ni ɗan ƙasag ga na. Na san abin da kas sabko da shi. Iri na. Ka bar shi, don girman waɗanda sunka bar maka gidan ga." Fuskar tsohon ta canza. Ya ce, "Na san abin da ag ga rumbuna, yaro. Ubana bai taɓa sallamar baƙo da ruwa ɗai ba, kakana bai yi ba. Kai da kac ce ɗan ƙasa kake, kaina kaka so a hwara?"

Muka zauna gaba kura baya sayaki. In muka tsaya muka sha, mun shanye masa gona. In muka tashi, mun tozarta shi a gidansa. Babbanmu ya gano huji har uku, ya goge, ya shafa sholisho, yana hura masa iska da baki don ya bushe. Garin sauri ya manna facin tun bai kama ba, da aka buga famfo sai ya ɗaye. Ya sake daga farko. Ni kuwa, mai keken, ba abin da na iya sai riƙe masa taya da zufa.

A nan ne na lura da sautin taɓarya. Na tashi a gidan da ake daka safe da yamma, na san yadda mace ke sussuka. Wannan tsohuwa sai ta buga sau ɗaya, ta tsaya ta gyara zane. Ta buga, ta tsaya ta kori kazar da babu ita. Da ta ga dole sussukar ta ƙare, sai ta shiga neman ƙwaryar shiƙa, ta shiga wannan ɗaki ta fito ta shiga wancan. Da ta samo, ta ɗaga ƙwarya sama ta tsaya cak. Tsohon ya ɗaga murya, "Ke, baƙi na jira!" Ta amsa daga can, "To iska nika jira. Ni ka yin iska?"

Na dubi abokina, ya ɗan gyaɗa kai. Ba ta ce mana komai ba, ba mu ce mata komai ba, amma aiki ɗaya muke yi da ita, tana ja mana lokaci muna ƙoƙarin gudu. Tsohon kuwa ya ci gaba da ba mu labari kamar bai ga komai ba. Ya ce shanunsa sun kwanta ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansa maza sun kwashi iyalansu sun yi kudu neman abinci. Sun so ya bi su ya ƙi, don gidan kakanni ba a barinsa ba kowa, kuma in ruwa ya sauka dole a sami wanda zai jefa iri a ƙasa. Yana faɗin haka, irin yana cikin ƙwaryar matarsa yana jiran a daka mana.

Sai iskar ta taso, ita da ba a gayyace ta ba. Tsohuwa ba ta da sauran hujja. Muna kallo ta shiƙe, ƙaiƙayi ya tashi, ƙwaya ta zuba. Ta juye a turmi. Ta tafi randa a hankali, kamar mai ciwon ƙafa, ta ɗebo ruwa a ludayi. Babbanmu ya buga famfo karo na biyu, muka ji iska tana tsiyaya ta wani hujin da bai gani ba. Ya jefar da famfon ya ce mini, "Cire rigarka ta ciki." Ya haɗa da tasa da ta sarkin surutu da busasshiyar ciyawa, ya cusa su cikin taya da ƙarfin tsiya, ya mayar da ita a kan ƙarfe. Ya ce zai kai ni gida, in dai ba na jin tausayin bayana.

Muka miƙe gaba ɗaya. Tsohuwa tana tsaye a kan turmi da ludayi a hannu, ba ta zuba ba. Tsohon ya tashi ya kama ƙahon kekena ya riƙe. Hannun nan ƙashi ne da fata, amma na kasa motsa keken. Ya ce, "Ina za ku? Hura ta kusa." Abokina ya ce, "Baba, ka yi muna gahwara. Ma'aikata muke, shugaban lakwal na jiranmu kahin azahar. Aikin gwamnati na." Ƙarya ce, kuma ina jin ya san ƙarya ce. Amma mutumin da ya ga zamanin Turawa ya san ba a riƙe keken gwamnati. Ya saki.

Ya yi mana rakiya har bakin hanya, yana tafe muna tura kekuna. Da zai juya ya ce, "Yunwag ga ta ci shanuna, na yi shiru. Ta kore min ɗiya, na yi shiru. Yau ta hana ni baƙo." Ya ce mu sauka lafiya, ya koma. Na waiwaya sau ɗaya. Tsohuwa ta durƙusa a gindin turmi tana kwashe ƙwayar tana zubawa a gora, tana tsince waɗanda suka faɗi ƙasa. Raina bai yi mini daɗi ba ko kaɗan, kuma ba irin rashin daɗin mai laifi ba ne, don ban ga abin da za mu yi dabam ba.

A hanyar komawa tayata tana dukan ƙasa kamar ana kirɓa sakwara, duk juyi ɗaya sai na ji shi a haƙorana. Sarkin surutu ya ce ai mun yi abin kirki, ya kamata a yi murna. Abokina ya ce, "Mun yi daidai. Mun kuma yi mashi ciwo." Babbanmu ya kawo shawarar mu aika masa da hatsi daga gari. Abokina ya ce wanda ka ƙi cin nasa ba ka aika masa da naka, mari biyu ke nan. Muka bar maganar, kuma ba mu sake bin wannan hanya ba.

Ruwa ya sauka a shekarar, a makare, amma ya riƙe. Muka yi hutu muka dawo, aiki ya taso, labarin tsoho ya zama abin da ake tsokanar sarkin surutu da shi. Wata Lahadi da kaka, ranar kasuwar Filinge, muna zaune a zaure da rana sai muka ji sallama irin ta mutanen ƙauye. Tsohon nan ne, da ƙafafu fari fat da tafiya, da ƙwarya a ka an ɗaure ta da tsumma. Ya ce tun da safe yake tambaya a kasuwa ina gidan malaman lakwal masu keke, har wani mai sayar da goro ya nuna masa.

Muka ba shi kujera ya ƙi, ya zauna a ƙasa ya kwance tsumman. Curin fura ne na sabon hatsi. Ya ce mu yi haƙuri ba nono, bai sake yin shanu ba tukuna. Ya nemi ruwa da ludayi, ya dama da hannunsa, ya tura mana ƙwaryar ya naɗe hannu yana kallo. Na sha, babbanmu ya sha, abokina ya sha, sarkin surutu ya sha bai ce komai ba, abin da ban taɓa gani ba. Sai da ƙwaryar ta zagaya ta dawo ba komai a ciki sannan tsohon ya yi ajiyar zuciya. Ya ce, "Na gonata na, wanda kunka bari. Tsohuwa tac ce in gaya muku, wagga ba ta jira iska ba."

Ya kife ƙwaryarsa ya ɗaure zai tashi, don yana so ya isa gida da sauran haske. Daidai lokacin aka kawo mana tuwon rana daga gidan da ke yi mana girki. Abokina ya ce, "Baba, ga abinci, in ba ka sauri." Tsohon ya dubi kwanon, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya koma ya zauna, ya nemi ruwan wanke hannu. Ya ce, "Sauri nika yi. Amma ni ba ni yi muku abin da kunka yi min." Ya ci sosai, ya sha ruwa, ya yi godiya, muka raka shi har bayan kasuwa.

Ban sake ganinsa ba, don shekarar da ta biyo aka ɗauke ni daga Filinge. Cikin mu huɗu yanzu saura ni da sarkin surutu, kuma har yau in muka haɗu sai mun yi gardamar ranar nan. Shi yana nan a kan cewa daidai muka yi, ni ma ban taɓa cewa ba daidai ba ne, tunda gonar ta fito. Abin da na sani shi ne, mu mun ɗauka abu ɗaya ne ya rage wa mutumin a gidansa, ashe biyu ne, muka tsare masa ɗaya muka taka ɗayan, shi kuma ya ɗauki wata da watanni yana jiran ranar da zai tako da ƙafa ya gyara. Tun daga nan, in na shiga gidan da na san ba su da shi aka ajiye mini kwano, ba na cewa na ƙoshi. Nakan sa hannu in ci kaɗan in yi godiya da yawa.

Na sha fura a wurare da dama bayan wannan, da kindirmo da sukari da ƙanƙara. Waccan ruwa ce da hatsi kawai, har da ɗan tsakuwa a ƙasan ƙwarya. Amma ni na shanye ta ƙarshe.